Yadda yoyo da garin katako suka ci jirgin Bounty

Duk wanda ya taɓa shiga kwale-kwale, a Yawuri ne ko wani mashigi, ya san yaron nan da ke zama a tsakiya da yankakken galan a hannu, tun daga tashi har sauka aikinsa kenan, kwarfar ruwa. Kuma ba fasinjan da ke tada hankalinsa dan ya ga ruwa a ƙarƙashin ƙafarsa, kowa ya san jirgin katako dama sai ya yi yoyo. Lissafin dai guda ne, abun da yaron ke zubarwa waje ya fi abun da ke shigowa. Ranar da lissafin nan ya juye kuwa sai salati.

Toh manyan jiragen katako na teku ma haka suke, bambancin kawai su inji ne ke yi masu aikin yaron. Shi yasa labarin jirgin Bounty ya tsaya min a rai, wanda ya nutse ranar Litinin 29 ga Oktoba 2012 a tekun Atlantika, wajen mil ɗari daga gaɓar Hatteras ta jihar North Carolina a Amurka. In ka tambayi mutane zasu ce maka guguwar Sandy ce ta ci shi, kuma ba ƙarya suka yi ba. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, da ta fitar da rahotonta a 2014 kai tsaye ta ɗora laifin kan kyaftin, tace ganganci ne ya sa ya kutsa da jirgi hanyar guguwar da kowa ya san tana tafe. Ni ma na yarda. Amma ni abun da ya fi jan hankalina shine can ƙasa, ɗakin inji da gindin jirgin, dan a nan aka yi asarar jirgin tun awanni kafin ya kife.

Shi dai Bounty ɗin nan ba tsohon jirgin yaƙi bane kamar yadda kamanninsa ke nunawa. A 1960 aka ƙera shi a garin Lunenburg na Kanada, kamfanin fim na MGM ne ya bada aikin saboda wani fim da zasu yi kan tawayen da ma'aikatan Bounty na asali, jirgin sojan ruwan Ingila, suka yi wa kyaftin ɗinsu a 1789. Tsawonsa gaba ɗaya ƙafa 180, turakun filafilai uku, sannan a ciki akwai injin dizal biyu na John Deere kowanne ƙarfin doki 375, da janareto biyu. Zuwa 2012 ya shekara 52 kenan, sana'arsa ita ce yawo daga wannan tasha zuwa waccan mutane su biya kuɗi su shiga kallo. Kuma takardarsa a wajen hukuma ta abun kallo ce wanda ke ɗaure a bakin tasha, dan haka irin binciken ƙwaƙƙwafin da ake yi wa jirgin fasinja mai shiga teku shi bai hau kansa ba. Kyaftin ɗin, Robin Walbridge, ɗan shekara 63, ya yi shekara 17 yana riƙe da jirgin, ma'aikatansa suna ganin girmansa sosai, abun da yace shikenan.

Bari in ɗan yi bayanin yadda jikin irin wannan jirgi yake dan sai da shi za a gane sauran. Akwai haƙarƙari na katako mai kauri da aka jera daga gaba zuwa baya, sai a bi su da dogayen alluna daga waje. Tsakanin allo da allo akwai ɗan tsagi, shi ake cusa wa auduga da zaren igiya mai kwalta, a bi da guduma a danna sosai, sannan a shafe baki da danƙo. In jirgi ya shiga ruwa katakon ya sha ya kumbura sai ya ƙara matse abun da aka cusa. A bakin tasha inda ruwa yake kwance yoyon kaɗan ne. Amma da zarar an shiga teku igiyar ruwa ta fara ɗaga gaba tana sakin baya, duk jikin jirgin murɗewa yake yi, tsagin nan su riƙa buɗewa suna rufewa kamar bakin kifi, kowane buɗewa ruwa ya ɗan kurɗo. Duk ruwan nan, haɗe da wanda ke zubowa ta sama, gangarawa yake can ƙasan ciki, ƙarƙashin daɓen da ake takawa, wajen da turawa ke ce wa bilij, ni dai gindin jirgi zan riƙa cewa. Daga nan fayif-fayif ke zuƙo shi, kowane fayif da rariya a bakinsa dan tare datti.

A watan Satumba na 2012 an fito da Bounty kan tudu a garin Boothbay Harbor na jihar Maine dan gyara, ya yi kamar wata guda. Da aka ɓamɓare wasu alluna sai aka tarar da ruɓa a haƙarƙarin da ke bayansu, abun mamaki kuma katakon wajen ba tsoho bane, a gyaran 2006 zuwa 2007 aka sa shi. Ita ruɓar katako ruwan daɗi da rashin iska ke kawo ta, ruwan sama ya sulalo ta saman jirgi ya maƙale a lungun da iska bata shiga, shikenan katako ya fara zama kamar burodi daga ciki alhali waje fes. Mai kula da aikin a wajen gyaran ya faɗa wa masu bincike daga baya cewa ya nuna wa kyaftin, ya nemi a ƙara buɗewa a ga iyakar ɓarnar, amma ba kuɗi ba lokaci, aka ce a bari sai gyaran baɗi. Aka shafa wa inda aka gani fenti aka maida alluna. Ka ga an yi kitso kan ƙwarƙwata kenan.

Cusa tsagin ma yawanci ma'aikatan jirgin ne suka yi da kansu dan rage kashe kuɗi, da yawansu kuma basu daɗe da fara koyon aikin ba, sannan danƙon da aka shafe wasu wuraren da shi na shagon kayan gini ne, irin wanda ake liƙe gilashin taga da shi a gida, saboda ya fi na jirgi araha. Wani abun kuma da ba wanda ya ɗauke shi bakin komai a lokacin, an yi aikin kafinta mai yawa a ciki, an sa sabbin tankunan mai an sake fasalin wajen kwanan ma'aikata, toh duk wanda ya taɓa kawo kafinta gidansa ya san abun da yake bari in ya tafi. Garin katako da ɓarɓashi da guntaye suka zuba ta ramuka suka kwanta a gindin jirgi inda tsintsiya bata kaiwa.

Yanzu mu zo kan famfunan, dan a nan maganar take. In a takarda ne Bounty ba shi da matsala, hanyar fitar da ruwa har kala uku. Akwai famfo biyu masu aiki da wutar janareto, su ake amfani da su kullum. Akwai wasu biyu masu aiki da matsin mai waɗanda babban injin ɓangaren dama ke juyawa, su an ajiye su ne dan ranar tsiya, ba a cika taɓa su ba wai kar su lalace. Sai na biyar, ɗan injin fetur mai ɗaukuwa a hannu, sak irin wanda ƴan noman rani ke kaiwa bakin fadama, an saye shi a 2011 aka adana shi, ba a tada shi lokaci-lokaci, ba a koya wa ma'aikata yadda ake sarrafa shi ba.

Duk wanda ya yi noman rani ya san halin injin nan. Baya jan ruwa in cikinsa iska ce, sai ka ɗura masa ruwa ya cika tukunna ya kama, in tiyon shan ruwan ya ɗan huje ko bakinsa ya ɗago sama ya shaƙi iska sau ɗaya, shikenan ya saki, inji na ta ihu tiyo ba ko ɗigo, sai ka kashe ka sake ɗurawa. In ciyawa ta toshe rariyar baki ma haka. In kuma ka bar shi ya shekara a ɗaki da tsohon fetur a ciki, ranar da ka ɗauko shi sai ka ja igiya har kafaɗarka ta ƙage. Toh ka ɗauki duk wannan fitinar ka kai ta cikin ɗakin da ke tangal-tangal, ruwan da kake son ja yana gudu daga wannan bango zuwa wancan, bakin fayif yanzu yana cikin ruwa anjima yana sama. Tun a hanyarsu daga wajen gyaran nan na Maine zuwa garin New London, ruwa lafiya lau ba guguwa, wasu ma'aikatan sun lura famfunan lantarkin basa kamawa da wuri kamar da, sun kuma faɗa. Ba a tsaya an kwance an duba ba.

Abun da ni na gani a tsarin nan shine famfo biyar ne amma kusan duk igiya ɗaya ta ɗaure su. Biyu sai janareto na aiki, biyu sai inji na aiki, janareto da injin kuma duk suna ɗaki ɗaya a can ƙasa, wato daidai inda ruwan ke fara taruwa, kuma duk daga gindin jirgi ɗaya mai dattin katako suke sha. Guda ɗayan da bai dogara da kowa ba shine wanda ba a taɓa kula shi ba.

Ranar Alhamis 25 ga Oktoba suna New London a jihar Connecticut, Sandy ta riga ta daki Jamaika ta daki Kyuba tana haurowa arewa, daga baya ma faɗinta sai da ya kai kusan mil 1,000. Da yamma kyaftin ya tara mutanensa yace zasu tashi zuwa St. Petersburg ta Florida, ra'ayinsa shine jirgi ya fi tsira a teku da a ɗaure a tasha, duk wanda baya so ya sauka ba komai. Ba wanda ya sauka. Su 16 ne da shi, ƙasa da yadda aka saba, da yawansu sabbi ne, shi kansa injiniyan bai fi sati biyu da hawa jirgin ba. Kuma ba wata gaggawa fa, taron da ake jiransu a Florida sai wajen 10 ga Nuwamba. Ƴan watanni kafin nan ma an yi hira da kyaftin ɗin a talabijin yana cewa su farautar guguwa suke yi. Dabararsa ta farko ita ce ya yi gabas ya bar mata hanya, amma ranar Asabar sai ya juya kudu maso yamma ya ratsa ta gabanta, dan ya faɗa tsakaninta da gaɓa inda iska zata riƙa tura shi kudu. Wajen Hatteras kuwa ko ba guguwa an san shi da cin jirage.

Daga Asabar ɗin lissafin ya fara juyewa. A da ana kunna famfo ne lokaci-lokaci a kwashe a kashe, yanzu ya koma ba kashewa. Ma'aikata sun bada labarin suna jin ƙarar ruwa na tsartuwa ta jikin allunan duk sanda igiyar ruwa ta bugo. Ruwan da ya ƙaru ya shiga lungunan da bai saba kaiwa ba ya ɗago duk garin katakon nan ya kawo shi bakin rariya, sai ya zama aikin mutane shine su durƙusa cikin ruwa mai dizal suna yaye datti da hannu, a buɗe rariya a wanke a mayar, famfo ya saki a sake kama shi, minti kaɗan ya sake toshewa. Kuma abun da ya sa ba a firgita da wuri ba shine sabo, jirgin dama ya saba yoyo in teku ta tashi, sun sha gani sun sha wucewa, kowa na cewa ai haka Bounty yake. Sabo turken wawa, ba wanda ya tsaya ya auna yace jiya ruwa na nan, yau yana nan, famfo kuma bai huta ba, saura awa nawa.

Lahadi abubuwa suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya. Igiyar ruwa ta kai ƙafa 25 zuwa 30. Wani babban filafili ya yage, mutanen da ya kamata suna ƙasa wajen famfo dole suka hau sama naɗe shi. Jirgin ya wurga kyaftin ya bugu da teburi ya ji ciwo a baya, wani ma'aikacin ya karye a haƙarƙari, injiniya ga amai ga ciwo a hannu ga zafin ɗakin inji. Sai kuma ɗan ƙaramin abu, bututun gilashin nan da ake duba yawan mai a jikin tankin ɓangaren hagu ya fashe, dizal ya tsiyaye, inji da janareton hagu suka mutu. Saura na dama kaɗai, shi ma filtar mai sai toshewa take dan girgiza ta tada duk dattin da ke kwance a tanki, wuta na ɗaukewa tana dawowa, duk sanda aka kashe janareto dan canza filta famfunan lantarki sun tsaya kenan, in wuta ta dawo kuma sai an sake fama kafin su kama. Aka ɗauko famfon matsin mai aka haɗa, yana ja amma shi ma datti na shaƙe shi. Aka fito da ɗan injin fetur ɗin nan, aka yi ta fama da tiyo, ya tashi ya ɗan ja na daƙiƙu ya saki, har ƙarshe bai yi wani amfani ba. An zo fafe gora ranar tafiya.

Ruwan da ke cikin jirgi ba nauyinsa kawai ne matsala ba. Ka tuna bambancin ɗaukar ruwa a jarka cikakkiya da ɗaukarsa a faffaɗan daro rabi, na daron da ka ɗan karkace duk ruwan zai ruga gefe guda ya ƙara karkatar da kai. Haka yake a jirgi, in ya kwanta dama tan-tan na ruwa su bi shi dama, ya daɗe bai miƙe ba, kowane kwanciya ya fi na baya. Bangayen da suka raba cikin Bounty ɗaki-ɗaki kuma basa tare ruwa, dan haka ba yadda za a killace shi waje ɗaya. Yana ƙara nutsewa, allunan sama waɗanda basu saba zama cikin ruwa ba, inda ruɓar nan da danƙon taga suke, suna shiga ruwa, yoyon na ƙaruwa. Da ruwa ya haura daɓen ɗakin inji ya fara watsuwa kan wayoyi da janareto, magana ta ƙare, da dare komai ya mutu, jirgi ya koma duhu ba inji ba famfo.

Inda raina ya fi ɓaci shine jinkirin neman taimako. Mataimakin kyaftin ya bashi shawara tun da sauran haske a kira dakarun tsaron gaɓar teku, yace a'a a dai maida hankali kan gyara. Sai wajen ƙarfe tara saura na dare labari ya kai masu, shi ma ta ofishin masu jirgin a tudu, dan saƙon imel kyaftin ya tura ta rediyo. Ni a ganina mutumin da ya shekara 17 yana cin nasara kan yoyon jirgi ɗaya, da wuya zuciyarsa ta yarda cewa yau ta ƙi. Jirgin saman dakarun, ƙirar C-130, ya taso cikin guguwar ya same su wajen tsakar dare yana kewaya su yana magana da su ta rediyo. Ko a lokacin maganar da ake daga jirgin ita ce a samo masu famfo, da kuma shirin a jira gari ya waye kafin a sauka, alhali ruwa na hawa kamar ƙafa biyu duk awa.

Da ruwan ya cinye hawa na tsakiya sai kowa ya fito sama, suka sa rigunan nan masu kauri na kariya daga sanyin teku suka taru a baya. Mataimakin ya sake cewa kyaftin lokaci ya yi a sauka, yace tukunna, ya sake faɗa, kafin a gama shiri wajen ƙarfe huɗu da rabi na asubar Litinin jirgin ya kwanta gefen dama gaba ɗaya ya zubar da su cikin teku. Turakun nan da igiyoyinsu suka riƙa tashi suna faɗowa kan mutane a cikin duhu, igiya ta kama wannan ta ja shi ƙasa ta sake shi, a haka dai 13 suka samu suka shiga kwale-kwalen roba guda biyu, mataimakin kyaftin kuma yana yawo shi kaɗai a ruwa. Da gari ya fara wayewa jirage masu saukar ungulu biyu daga sansanin Elizabeth City suka iso, masu ninƙaya suka sauka suka riƙa ɗago su ɗaya-ɗaya a kwando, mutum 14.

Claudene Christian, ƴar shekara 42 wadda a shekarar ta fara aiki a jirgin, kuma take cewa ita jikar jikokin Fletcher Christian ce wanda ya jagoranci tawayen 1789, sai da yamma aka gano ta mil da dama daga wajen, ba ta farfaɗo ba. A watan Fabrairun 2013 aka yi zaman sauraron shaidu a Portsmouth ta jihar Virginia, waɗanda suka tsira suka zo ɗaya bayan ɗaya suna bada labarin rariya da filta da injin fetur, mai jirgin kuma ya ƙi bada shaida, ya fake da ƴancin da tsarin mulkin Amurka ya bashi na yin shiru. Shi kyaftin Walbridge an neme shi har ranar 1 ga Nuwamba sannan aka dakatar, ba a ga gawarsa ba.